Kogin Kano, Dajin Falgore da Baƙin Tsuntsayen Hunturu

Gabatarwa

Mutanen ƙasar Rano, tun daga Zurgu da Rurum har zuwa Kibiya, sun daɗe suna gane lokutan shekara ta hanyar tsuntsaye. Idan aka ga shamuwa ta dawo tana sheƙa a itatuwan cikin gari, manomi ya san damina ta kusa, sai ya soma sharar gona. Haka kuma idan kaka ta wuce hunturu ya kama, akan ga wasu tsuntsaye a bakin kogi da fadamu, waɗanda ba a taɓa ganin sheƙarsu ko ƙwansu a ƙasarmu ba. Wannan babi zai yi bayani a kan waɗannan baƙi da wuraren da suke sauka.

Asalin Baƙin

Yawancinsu daga Turai da arewacin Asiya suke zuwa, suna ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso nan wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris ko Afrilu domin yin ƙwai. A cikinsu akwai agwagin ruwa iri-iri, da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa, da tsattsewa, da farar shamuwa. Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. A shekarar 1822 aka kashe wata farar shamuwa a Jamus, ɗauke da mashin Afirka a wuyanta, abin da ya zama babbar shaida. Daga 1899 aka fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙasar Denmak, kuma shi ne irin zoben da maharbi kan tsinta a ƙafar tsuntsu.

Dajin Falgore

Kogin Kano ya taso ne daga tsaunukan kudancin jihar, ya ratsa Dajin Falgore kafin ya iso ƙasar Rano. A shekarun 1940 Gwamnatin Mulkin Mallaka ta keɓe wannan daji da sunan Gandun Dajin Kogin Kano. Bayan samun 'yanci, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji a 1963, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da gandun wurin kiyaye namun daji. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, a ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa shi. Tun kafin wannan hanya, maharba da fatake da Fulani makiyaya sun fitar da turbobinsu a cikinsa. Maharbi ya san ɗabi'ar tsuntsu ƙwarai, domin da kan burtu yake yaudarar naman daji har ya kusance shi.

Daga baya dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai a 2017 aka mayar da shi filin horar da sojoji. Ga kuma sarar itace domin gawayi da ta rage masa kwarjini.

Madatsar Tiga

A zamanin Gwamna Audu Baƙo (1967 zuwa 1975) aka datse Kogin Kano a Tiga, aka kammala aikin a 1974. Ruwan Tiga ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma tafkin da gonakin shinkafa suka zama masaukin tsuntsayen ruwa. Sai dai Tiga da madatsar Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban ɗaruruwan tsuntsaye kan yi hunturu. Muhimmancin waɗannan fadamu ya sa Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Wato ruwan da ake tarewa a ƙasar Kano yana da tasiri a kan tsuntsu da masunci da manomi har Jigawa da Yobe.

Kammalawa

Dattawa za su shaida cewa gauraka, wanda a da ake ganinsa garke-garke a fadamu, yau sai labari a yawancin Arewa, ungulu ma ta yi wuyar gani a kasuwanni da mahauta. Idan tsuntsu ya ɓace, sunansa da karin maganarsa su kan bi shi. Saboda haka ana kira ga malaman makaranta su riƙa fita da ɗalibai da sanyin safiyar hunturu zuwa bakin rafi ko fadama mafi kusa, inda babu fargaba, tare da wani tsohon maharbi ko masunci. Su tafi a hankali ba hayaniya, su rubuta sunan kowane tsuntsu da Hausa, da rana da wurin da aka gan shi. Littafin da makaranta ta tara a haka shekara da shekaru, shi ma tarihi ne da na baya za su dogara da shi.