Yadda Aka Fara Auna Guba a Ruwa da Ƙasar Kano

Binciken ƙarafa masu guba a ruwa da ƙasar Kano ya samo asali ne daga sana'ar jima. Majeman birni sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jeme fata da bagaruwa, kirginsu yana ƙetare Sahara har kasuwannin Turai. Bagaruwa tsiro ce, dagwalonta yakan ruɓe ya bi ƙasa. Al'amarin ya sauya da aka kafa unguwannin masana'antu, Bompai da farko, sannan Sharaɗa da Challawa, inda manyan kamfanonin fata suka koma jima da gishirin kuromiyam saboda saurinsa. Kuromiyam kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Inda ya zauna, nan zai daɗe.

Hanyoyin da dagwalon ya bi sanannu ne. Na Bompai yana shiga rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, kogin da birni ke ɗibar ruwan famfo daga gare shi tun zamanin Turawa. A bakin waɗannan rafuka masu lambu suke shuka latas, kabeji, alayyafo da karas da rani, su kai kasuwa.

Hukuma ba ta farka ba sai a 1988, lokacin da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda NESREA ta gaji aikinta na sa ido a 2007. Daga nan malaman Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suka duƙufa wajen ɗibar ruwa, laka da ganyayyaki suna aunawa. A 2003 Adamu Tanko na Jami'ar Bayero, tare da Tony Binns da Roy Maconachie, suka wallafa nazari kan ruwan da manoman gefen birnin Kano ke ban ruwa da shi, suka nuna gurɓatarsa. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne: a kowace lita ta ruwan sha, kada dalma ta wuce miligiram 0.01, kuromiyam 0.05, kadmiyam 0.003.

Abin da ya fitar da batun daga ɗakin gwaji zuwa bakin jama'a shi ne annobar Zamfara ta 2010. A ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, masu haƙar zinare suna niƙa dutse mai dalma a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da duniya, kuma yara kimanin 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, domin yaron da aka warkar zai sake kamuwa muddin ya koma cikin ƙurar. Tun daga lokacin kalmar gubar dalma ta zama sananniya a rediyo.

Baya ga ƙarafa masu guba, binciken tururin nukiliya shi ma ya bi tasa hanyar. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta fara aiki da ƙaramin injin nukiliya na bincike a 2004, wanda ke iya gano sinadaran da ke cikin ɗan ƙanƙanin samfurin ƙasa. A Nijar, inda ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, rahoton Greenpeace na 2010 ya nuna rijiyoyin da yuraniyom ɗinsu ya zarce ma'auni. Kano ba ta da irin wannan ma'adana, amma tana zaune ne a kan tsohon dutse, wanda kan saki iskar radon cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa masu bincike ke auna ta a rijiyoyi.

A cikin birnin Kano, Ƙauyen Alu, Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni ba su da manyan majemu, amma wannan bai raba su da lamarin ba. Ganyen da ake saya a kasuwanninsu daga lambunan gefen birni yake zuwa. Gidaje da yawa sun dogara da rijiya, burtsatse da 'yan garuwa, a unguwannin da bola, garejin kanikawa da masu gyaran batir ke kusa da gidaje. Dalma ba ta da wari ko ɗanɗano a ruwa, tafasawa kuma ba ta kawar da ita, ga shi yara ƙanana ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa.

Kano tana da masana da na'urorin awo, nazarce-nazarce kuma sun taru a jami'o'i. Giɓin da ya rage shi ne sakamakon bai cika isa ga mai unguwa da masu gidaje ba. Ya kamata hukumomin ruwa da na muhalli na jiha su wajabta auna kowace rijiyar burtsatse da ake sayar da ruwanta, su kuma sanar da jama'a sakamakon da Hausa.