Mutumin Kirki da Mutumin Zamani: Tarihin Jawaban Gyaran Rayuwa a Ƙasar Dakoro

A cikin shekara ta 1973, a jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka, wani Baturen Ingila mai suna Anthony Kirk-Greene ya tsaya gaban malamai da ɗalibai ya gabatar da lacca a kan abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wane mutumin kirki ne. Baturen ya yi aikin mulki a ƙasar Adamawa, ya koyar a Zariya, kuma ya ji Hausa gwargwadon yadda baƙo yake iya jin ta. An buga laccar a 1974, ta zama ɗan littafin da har yau malaman al'ada suke komawa gare shi. A ciki ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Duk wanda ya tsaya ya dubi waɗannan halaye da idon basira zai lura da wani abu. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da mutum zai iya yi shi kaɗai a cikin ɗaki. Amana sai da wanda ya ba da ajiya, karamci sai da baƙo, kunya sai da idon da ake jin nauyinsa. Dukiya ba ta cikin jerin, haka ƙarfin jiki, haka cikar buri. Kuma ba a taɓa jin mai hankali ya miƙe ya ce shi mutumin kirki ne ba, domin shaida ce da jama'a suke bayarwa, galibi ma bayan mai ita ya juya baya, ko bayan an kai shi makwancinsa.

A daidai shekarar da ake wannan lacca, ƙasar Dakoro tana cikin farin da ya cinye dabbobi ya watsa gidaje. Makiyaya sun gangaro kudu da ɗan abin da ya rage a hannunsu, rumbunan manoma sun zama wayam. Abin da aka zayyana a kan takarda a Indiyana, a nan jarraba shi aka yi. Fulanin yankin suna da wata tsohuwar al'ada da suke kira haɓɓanaaye: mai garke ya ba wanda ya rasa aron saniya, ya riƙe ta yana shan nono har ta haihu, ya ɗauki ƴaƴan, sa'an nan ya mayar da uwar ga mai ita. Amana ke nan da karamci sun zama tsari wanda yake tayar da gidan da ya faɗi. Ba wani mai jawabi da ya zo da ita daga waje.

Ya kamata a san irin ƙasar da ake magana a kanta. Dakoro tana arewacin jahar Maraɗi, inda noma yake ƙarewa kiwo ya soma. Turawan Faransa sun kafa cibiyar mulki a garin a 1947, amma ƙasar ta girmi wannan nesa ba kusa ba, tun da Birnin Lalle da ke kusa yana cikin tsofaffin biranen Gobirawa. Hausawa da Fulani da Buzaye suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. A ranar 26 ga watan Mayu 1961 gwamnati ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, sai dai yawan jama'a da gajiyar gonaki sun tura manoma sun haye kwarin Tarka, dokar ta zauna a takarda. A irin wannan wuri, tambayar yadda mutum zai gyara rayuwarsa ba ta rabuwa da tambayar yadda zai zauna da maƙwabcin da shanunsa suka shiga gonarsa.

Jawabin gyaran hali a bainar jama'a tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma sunansa na farko wa'azi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi a Degel wajen 1774, yana da kimanin shekara ashirin, ya zaga Kabi da Zamfara yana magana da mutane cikin Hausa da Fulatanci, har wasu malamai suka zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa. Gaskiya ne sarakunan da suka zauna Maraɗi da Tsibiri abokan gabar daular Sakkwato ne, amma takobi yana da iyakar da magana ba ta da ita, kuma almajirai da fatake ba su daina ƙetarawa ba. Abin lura a nan shi ne dabarar ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ba ta tsaya ga tara mata ta yi musu magana su watse ba. Ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa alamar izini, su zo su karɓi karatu su koma ƙauyukansu su koyar. Ƴan Taru sun rayu bayan ta da shekaru masu yawa, domin abin da ta bari a baya taro ne mai ranar haɗuwa da shugaba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta shigo da wani sabon mai magana cikin ƙauye, wato ma'aikacin raya karkara. A farkon shekarun 1960 aka ƙaddamar da aikin da aka fi sani da sunansa na Faransanci, animasiyon. Kowane ƙauye zai zaɓi ƴan mutane, a kai su horo na kwanaki, su dawo su tara jama'a a yi shawara a kan iri da bashi da sayar da gyaɗa da tsabtar ruwa. A 1962 aka kafa hukumar UNCC ta bashi da haɗin gwiwar manoma, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar rediyo-kulob ta Nijar. Tsarin rediyo-kulob ya cancanci a tsaya a kansa, don ya fi zamaninsa hangen nesa: jama'a su zauna su saurari shiri tare, su tattauna, a naɗi muryarsu a aika Yamai, a sake watsa ta ƙasa ta ji. Talakan da bai taɓa shiga lakwal ba ya ji muryarsa ta fito daga akwatin da shugaban ƙasa yake magana a ciki. Mafi yawan masu jagorantar zaman malaman makaranta ne, suna yi da dare bayan sun tashi daga aji.

A wannan lokaci ne kalmar ci gaba ta sami sabuwar ma'ana. Da, mutum yakan girma ne, ya yi hankali, ya yi arziki. Yanzu an ce masa yana baya, sai an waye masa kai. Kalmar wayar da kai kanta tana ɗauke da hukunci a cikinta, domin tana nuna mai magana yana cikin haske, mai sauraro yana cikin duhu. Manomi kuwa ba wawa ba ne. Ya lura cewa ma'aikacin da yake tambayar ra'ayinsa yau, gwamnatinsa ce za ta aiko karɓar haraji gobe, sai ya koyi amsawa da "to" ya koma ya ci gaba da abin da ya sani.

Seyni Kountché ya karɓi mulki a ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma yunwar da ta biyo bayan farin tana cikin dalilan da ya kafa hujja da su. Shi kansa mai jawabi ne, mai kaifin harshe, wanda manyan ma'aikata suke shiga taronsa gabansu yana faɗuwa. Ya ɗauki Samariya, tsohon tsarin sarkin samari da gayya, ya mayar da ita ginshiƙin abin da ya kira al'ummar ci gaba. Samari da ƴan mata suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka yi wasannin kwaikwayo a kan zaman banza da almubazzaranci da cin amanar dukiyar ƙasa, ana gasa tsakanin jahohi tun daga bikin matasa na farko da aka yi a Damagaram a 1976. A 1984, shekarar yunwar da mutanen yankin suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Ba za a ce Samariya ba ta yi aiki ba. Dattawa da yawa suna tuna ta da kewa, kuma suna da hujja. Amma igiyarta tana hannun hukuma. Kountché ya rasu a 1987, aka yi taron ƙasa na 1991, jam'iyyu suka raba samari, Samariya ta shiga tarihi. Gurbinta sai fada ta cike, inda matasa suke zama gindin butar shayi suna magana ba mai ba su taken da za su tattauna.

Cikin shekarun nan wata murya ta daban tana shigowa daga kudu. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi ta gidan rediyon Kaduna yana isa har ƙauyukan arewa da Maraɗi, kuma bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kaset ya ɗauki wa'azi ya kai shi tasha da kasuwa da shagon tela. Ba wurin shiga saɓanin malamai ba ne nan. Abin da ya shafi wannan tarihi shi ne sabon wa'azin ya taɓa aljihu: ya soki kashe dukiya a biki da suna, ya ƙarfafa mutum ya nemi ilmi da kansa, ya tura matarsa makaranta. Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda girman tsohon attajiri yake rataye a kan arzikin mutane, wato yawan barori da masu cin abinci a ƙofarsa. Ƙaramin ɗan kasuwa na sabon zamani ya sami hujjar addini ta tsimi da lissafi. Wasu suka kira wannan gyara, wasu suka kira shi rowa, kuma gardamar ba ta mutu ba.

Yau jawabin ya koma cikin wayar hannu. Saurayi a tashar Dakoro yana iya sauraron malami daga Kano, sa'an nan ya juya ga wani mai ƙarfafa gwiwa da yake ce masa ya tashi da asuba, ya rubuta burinsa, ya rabu da abokan da suke ja da shi baya. Salon ya yi kama da na tarukan TED, waɗanda aka fara a Kalifoniya a 1984, aka soma sakin su kyauta a intanet a 2006, ƙa'idar tsawon jawabi kuma minti 18 ce. Akwai alheri a ciki. Yaron da aka reno da cewa arziki rabo ne kawai yana bukatar wanda zai gaya masa cewa ƙoƙarinsa ma yana da hannu. Kuma waɗannan jawabai sun buɗe baki a kan damuwa da ƙuncin zuciya, abin da kunya ta daɗe tana rufewa da kalmar haƙuri. Sai dai ma'aunin ya juye. A jerin Kirk-Greene jama'a ne suke auna mutum. A nan mutum ne yake auna kansa, jama'a kuma sau da yawa su ne cikas ɗin da ake ce masa ya tsallake. Shawarar a yanke hulɗa da mai ja da baya tana da daɗin ji a birnin da ake da albashi da inshora. A ƙasar da damina ɗaya take iya mayar da mai garke mabaraci, ɗan'uwan da aka yanke yau shi ne mai saniyar aro ta baɗi.

Abin mamaki shi ne ko a Turai abin bai fara da kaɗaici ba. Littafin Samuel Smiles na taimakon kai, wanda ya fito a 1859 kuma ake ɗauka uban wannan fanni, ya tsiro ne daga jawaban da ya yi a 1845 ga wasu matasan leburori a birnin Lids na Ingila. Matasan sun riga sun haɗa kansu suna koya wa juna karatu da lissafi da dare, su ne ma suka gayyato shi. An fassara littafin zuwa Japananci a 1871, zuwa Larabci a 1880, sunan marubucin ya zaga duniya, aka manta da ƙungiyar da ta kira shi.

Jahar Maraɗi tana da nata misalin, kuma ya fi kusa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da wasu matan karkara a kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne, wanda kowace Bahaushiya ta sani, sai aka ƙara masa ƙa'ida. Mata kamar ashirin zuwa talatin su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda, a ba mai bukata bashi ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Da yake yawancinsu ba su yi karatun boko ba, da ka ake riƙe lissafi, a faɗe shi a gaban kowa. Mai horarwa takan zo na ƴan watanni ta janye, taron ya ci gaba ba ita. A 1991 ɗin nan ne kuma aka yi kisan Toda, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, akasari mata da yara, abin da ya nuna iyakar tasirin shekaru talatin na jawabai a kan zaman lafiya. Sai da aka kafa dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye, daga baya dokar kiwo ta 2010, kafin maganar burtali da rijiya ta sami wurin zama da sa hannu, ko da yake aiwatarwa tana tafiyar hawainiya.

A yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Dakoro, an yi wa iyaye mata jawabai masu yawa a kan shayarwa da tsabta da abinci mai gina jiki. Nasihar daidai ce, amma uwar da tiyar hatsi ta fi ƙarfinta ba rashin sani ne ya kawo ta layin ba. Tsarin Mata Masu Dubara kuwa ya bi wata hanya. Ya ƙetare iyakar Nijar zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da wasu sunaye, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 wasu daga cikin matan da suka koyi magana a gaban asusu sun tsaya takara, suka shiga majalisun garuruwansu.