Jatan Lande da Madobiya: Shin Kowane Sharaɗin Muhalli Shingen Kasuwa Ne?

Akwai ra'ayin da ya yi ƙarfi tsakanin masana tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, cewa duk sharaɗin kare muhalli da aka rataya wa cinikin ƙasa da ƙasa fakewa ne da guzuma a harbi karsana: manyan ƙasashe na kare masana'antunsu da sunan tausayin daji da teku. Cikin waɗanda suka fi kaifafa wannan hujja akwai Jagdish Bhagwati na Jami'ar Columbia, wanda ya daɗe yana adawa da cusa sharuɗɗan muhalli da na ƙwadago cikin dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO. A ganina ra'ayin ya yi wa abubuwa mabambanta kuɗin goro, kuma mu ne za mu yi asara idan muka haɗiye shi ɗungurungum.

Tushen muhawarar sananne ne. Sashe na 20 na yarjejeniyar cinikin ƙasa da ƙasa ta GATT ta 1947 ya yarda ƙasa ta taƙaita ciniki don kare rai ko albarkatun da ke iya ƙarewa, muddin ba ta nuna wariya ba gaira ba dalili. A shari'ar jatan lande aka gwada wannan sashe da gaske. Amurka ta hana shigo da jatan landen da aka kamo da tarun da ba shi da na'urar da ke barin kunkurun teku ya kuɓuce. Indiya da Pakistan da Malesiya da Tailan suka kai ƙara. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta ce manufar Amurka halattacciya ce, amma yadda ta aiwatar da ita akwai wariya: ƙasashen yankin Karebiyan sun samu shekara uku da tallafin fasaha, masu ƙara kuwa wata huɗu kacal, kuma ba a zauna da su an nemi daidaito ba. Amurka ta gyara tsarinta, Malesiya ta sake komawa kotu a 2001, ta sha kaye.

A nan Bhagwati yake kafa tutarsa, kuma bai kamata a raina hujjarsa ba. Idan aka bar ƙasa ta ƙi kayan wata saboda yadda aka samar da su, alhali kayan kansu ba su da aibu, to an ba mai babbar kasuwa damar yi wa duniya doka daga majalisarsa. Wannan dama kuwa ba kowa ke iya amfani da ita ba. Idan Amurka ta rufe ƙofa, masuncin Tailan ya ji a jikinsa. Idan Nijar ta rufe wa Amurka ƙofa saboda hayaƙin masana'antunta, babu wanda zai ko lura. Ƙari a kan haka, wanda ya zaɓi abin da za a kare shi ne ya kamata ya biya kuɗin karewar, amma hukuncin ya bar nauyin a wuyan mai taru. Duk waɗannan na yarda da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsallen da mabiya wannan ra'ayi ke yi daga nan zuwa cewa ƙasashe irin namu sun fi tsira idan aka raba dokar ciniki da batun muhalli kwata-kwata.

A dubi madobiya. Itace ne da makiyayan Afirka ta Yamma suka sani, don ganyensa na ciyar da dabbobi da rani, yana kuma gyara ƙasa. Da kasuwar kayan ɗaki na alfarma ta bunƙasa a Sin, sai 'yan katako suka afka masa, har Najeriya ta zama ja-gaba wajen tura gumagumansa can, musamman daga dazuzzukan Taraba, inda ake ce masa "Madrid". Babu wata ƙasar Turai da ke kare masana'antarta a wannan labari. Ciniki ne mara shamaki tsakanin ƙasashe masu tasowa, irin wanda ake cewa zai fisshe mu. Dokar cikin gida ba ta tsayar da shi ba. Ghana ta sha haramta saran tun 2012, ana ɗagewa ana maidowa, gumaguman na ci gaba da isa tashar jirgin ruwa. Abin da ya ɗan taka birki doka ce ta ciniki: yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, wadda ta sa madobiya a jerinta na biyu daga farkon 2017 bisa buƙatar ƙasashen Afirka da kansu, Senegal na kan gaba, ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018, sannan a 2022 ta faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da yake tsirowa. Faɗaɗawar kanta shaida ce cewa 'yan sumoga sun koma maƙwabta, don haka ba zan ce an ceci itacen ba. Iyakar abin da hujja ta nuna shi ne an samu hanyar tuhumar mai saye a tasharsa, abin da jami'in gandun daji a Jalingo ba shi da iko a kai.

Dole a nan in tsuke da'awata. CITES doka ce da ƙasashe suka zauna suka yi tare, kowacce da ƙuri'arta. Misalin madobiya bai wanke dokokin da ɓangare ɗaya ya rubuta ba, kuma su ne ke tafe da yawa yanzu. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka ta shafi koko da kofi da manja da roba da waken suya da shanu da katako, tana neman a nuna takamaiman wurin gonar da kaya suka fito, a kuma tabbatar ba a share mata daji ba bayan 31 ga Disamba 2020. Ghana da Kwaddibuwa, masu samar da fiye da rabin kokon duniya, ƙananan manoma ne ke riƙe da gonakinsu, da yawa ba su da takardar fili. Tarayyar da kanta ta ɗage fara aiki da dokar. Haka harajinta na hayaƙi a kan siminti da ƙarfe da alminiyam da taki, wanda bai keɓe matalautan ƙasashe ba, har da Mozambik mai dogaro da sayar wa Turai alminiyam. Wannan ya yi hannun riga da ƙa'idar taron Rio na 1992, cewa nauyin gyara ya bambanta gwargwadon ɓarnar da kowa ya yi.

To ko a nan ma, da me za mu ƙalubalanci waɗannan dokoki? Da ma'aunin da hukuncin 1998 ya kafa, wanda Bhagwati ya soka: shin an tattauna da gaske, an ba da wa'adi daidai, an karɓi hanyar da ƙasa ta bi idan ta kai ga sakamako iri ɗaya? Mai cewa muhalli ba shi da gurbi a dokar ciniki ya yar da wannan makami, ga kuma Turai ba za ta fasa ba. Matsalar da ta fi damuna ita ce kotun da ta kafa ma'aunin ta daina aiki tun Disamban 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sabbin alƙalai, ta yadda wanda ya faɗi shari'a a matakin farko zai ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta, magana ta mutu a nan. Ƙarfin da wakilan Afirka ke kashewa a Janiba, mazaunin WTO, wajen la'antar sharuɗɗan muhalli baki ɗaya, da sun karkata shi ga farfaɗo da wannan kotu, ina kyautata zaton manomin koko zai fi amfana.