Daga Loko Zuwa Gareji: Tarihin Sana'ar Kankare Kan Inji a Kafanchan

Sana'ar kankare kan inji, wato rage kaurin murfin ƙarfen da ke rufe saman silinda, wanda kanikawa ke kira tof silinda, ba ta da daɗaɗɗen asali irin na ƙira ko jima, domin ba da wuta da guduma ake yin ta ba, ta dogara ne ga awo mai tsananin ƙanƙanta wanda ido ba ya iya tantancewa. A kudancin Jihar Kaduna, tarihin irin wannan awo ya faro ne daga layin dogo, kuma ta Kafanchan ya shigo yankin.

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin gabas daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916 domin kwasar kwal, sannan aka miƙa shi arewa ta Makurɗi har ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau tudun Jos saboda kuza, abin da ya mayar da wannan yanki na ƙasar Fantswam babbar mararraba, har fadar Sarkin Jama'a ta ƙauro garin a 1933. Mararraba irin wannan ba ta rayuwa sai da loko, wato rumfar da ake duba kawunan jirage a ciki, a wanke tukunyarsu, a sauya abin da ya ci. Manyan gyare-gyare ana kai su ma'aikatun Ebute Metta da Inugu, amma aikin yau da kullum ya wajabta ajiye fitoci da masu sarrafa injin sassaƙa ƙarfe, mutanen da aka horar su auna kashi ɗaya cikin dubu na inci, kuma da yawansu daga kudancin ƙasar suka zo, har rikicin 1966 ya sa ma'aikata 'yan ƙabilar Ibo masu yawa suka bar Arewa.

Sai dai jirgin kwal bai san matsalar da wannan sana'a ta ginu a kanta ba, domin wutarsa a murhu take ci, tururi ne kawai ke shiga silinda. Batun matsi ya zo ne da injin da ke ƙona mai a cikinsa, wato kawunan jirage masu amfani da dizal waɗanda aka fara shigowa da su a shekarun 1950, da manyan motocin da suka riƙa ƙwace wa jirgi kaya. Abin da ake nufi da ma'aunin matsi shi ne kwatanta gurbin cikin silinda lokacin da fistan ya sauka ƙasa da ɗan gurbin da ya rage lokacin da ya hau ƙololuwa, inda iska da mai suke matsuwa kafin su kama wuta. Idan gurbin farko ya ninka na biyu sau 9, sai a ce matsin 9 ne bisa 1. Injinan fetur na wancan zamani yawanci tsakanin 8 da 10 suke, na dizal kuwa suna kaiwa 16 zuwa sama da 20, saboda zafin matsin ne da kansa ke kunna man, ba filogi ba.

Motar da ta fi koya wa kanikawan yankin wannan darasi ita ce Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna bayan buɗe ta a 1975, ta kuma zama motar haya tsakanin Kafanchan da Kaduna da Jos. Kan injinta na alminiyam ne, gangar jikin kuwa baƙin ƙarfe, kuma waɗannan ƙarafa biyu ba sa buɗewa daidai da juna idan zafi ya yi yawa. Da zarar lagireto ya toshe ko ruwa ya ƙare a hawan dutse, sai inji ya tafasa, fuskar kan ta lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Maganin shi ne a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar, a zura siraran ma'aunai ƙarƙashinsa domin gano girman karkatar, sannan a kankare ta da inji har ta koma shimfiɗe.

A nan ne tarihin sana'ar a wannan yanki ya sha bamban da na Turai da Amurka, inda masu tseren mota ke kankare kan inji da gangan domin ƙara matsi su sami ƙarfi. Bakaniken Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi gyara yake nema, ƙarin matsi kuwa yana biyo baya ko an so ko ba a so. Lissafin ba shi da wuya: silindar 504 mai lita 2 faɗinta milimita 88 ne, kowace tana ɗaukar kimanin sisi 493, don haka cire rabin milimita yana iya rage gurbin ƙonewa da kusan sisi 3, wanda zai ɗaga matsin da ke kusa da 8.5 zuwa wajen 8.9. Sau ɗaya ba komai ba ne, direba ma yakan ji motar ta ƙara kuzari, amma kan da aka kankare sau uku ko huɗu ba tare da an rubuta ko an tambayi abin da aka cire a baya ba, yana kai matsi inda fetur zai riƙa fashewa da kansa kafin lokaci, a ji ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, daga nan fistan da ringi su lalace. Ƙwararru suna mayar da gurbin ta hanyar sa gaskit mai kauri, kuma wanda ya san aikinsa yakan auna gurbin da sirinji da ruwa kafin ya ɗaure. Tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, yana ɓoye wannan aibi saboda iskarsa ba ta da nauyi, sai motar ta gangaro ƙasa da lodi sannan ƙarar ta bayyana.

Motocin dizal masu ɗaukar citta daga Kachia da ƙasar Jaba lamarinsu daban ne, domin a yawancinsu gurbin ƙonewa a saman fistan yake, fuskar kan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka kankarewa ba ta sauya matsi sosai, illa dai tana kusantar da bawul ga fistan, kuma dole a sake zaunar da bawul ɗin ciki gwargwadon abin da aka cire.

Durƙushewar jirgin ƙasa a shekarun 1980 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun yi wa sana'ar tasiri biyu masu karo da juna. Tsadar sababbin kayan gyara ta sa kowane tsohon kan inji ya zama abin tattali, aiki ya ƙaru, amma makarantar da ke koyar da awo, wato loko, ta yi rauni, koyo ya koma hannun maigida da yaransa a gareji. Daga baya kwararar injinan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, ta sa sauya inji sukutum ya fi sauƙi ga masu mota da dama, yayin da aikin da ya fi ƙarfin gari ake kai shi Panteka a Kaduna ko kuma Jos. Injinan zamani kuma ba su da haƙurin 504, domin sandar da ke buɗe bawul a saman kan take, duk abin da aka kankare yana taɓa lokacin buɗewarta, shi ya sa kamfanoni ke ƙayyade mafi ƙarancin kaurin da aka yarda kan inji ya kai, wanda idan an wuce shi babu sauran gyara sai sauyi.