Ɓera da Ƙidayar Furotin: Tarihin Neman Asalin Cutar Mantuwa

A watan Nuwamba na 1906, likita Alois Alzheimer ya tsaya gaban takwarorinsa a garin Tubingen na Jamus, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta sha fama da mantuwa da ruɗewa: wasu dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa a cukurkuɗe cikinsu. Ya ga ɓarnar, amma bai san da me aka yi ta ba. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka tsamo wani ƙaramin furotin, amiloid-beta, daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar masu cutar, aka kuma tabbatar daga baya cewa shi ne ginshiƙin dunƙulen.

Ƙwaƙwalwar mamaci ƙarshen labari kawai take nunawa, alhali cutar kan fara ginuwa shekaru da dama kafin mai ita ya soma mance sunan jikansa. Nan ɓera ya shigo: yana girma cikin watanni, ana iya sauya masa ƙwayoyin gado, ana kuma iya duba ƙwaƙwalwarsa a kowane mataki na rayuwa. A 1995 aka samar da ɓeran da ke ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gadon ɗan'adam, wanda ƙwaƙwalwarsa ke tara amiloid. A 1996 Karen Hsiao ta Jami'ar Minnesota ta fito da wani da ke nuna raunin tunani idan ya tsufa.

Sauran aikin shi ne ƙidaya. Ƙwayar gado umarni ce, furotin kuwa shi ne ma'aikacin da ke cika umarnin, kuma akwai dubbansa a kowace ƙwayar jijiya. Tun 1975 Joachim Klose a Jamus da Patrick O'Farrell a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka gano dabarar baza ɗaruruwan furotin a kan faranti guda ta amfani da lantarki. Klose da naman ɓera ya yi gwajinsa. A 1994, a wani taro a Siyena ta Italiya, Marc Wilkins na Ostareliya ya raɗa wa jimillar furotin ɗin halitta suna furotiyom. Na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ce ta kammala juyin, har John Fenn da Koichi Tanaka suka sami kyautar Nobel a 2002 kan dabarun auna manyan ƙwayoyi irin furotin.

Daga nan alƙaluma suka yi ta hawa. A 2000 ayarin Seth Grant a Edinbara ya gano furotin 77 haɗe wuri guda a mahaɗar jijiyoyin ɓera, inda koyo ke samun gindin zama. A 2015 ɗakin binciken Matthias Mann a Cibiyar Max Planck ya lissafa kusan 13,000 a ƙwaƙwalwar ɓera, ya nuna wanne ke cikin ƙwayoyin jijiya, wanne ke cikin ƙwayoyin da ke yi musu hidima da gadi. Da irin wannan taswira ake bin yadda furotin ke sauyawa daga haihuwa zuwa girma, a gane inda cuta ta karkata daga hanya. Kwatanta ɓerayen da ƙwaƙwalen mutane ya nuna amiloid na tafe da tawaga: furotin na kumburi da na garkuwar jiki suna taruwa tare da shi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A 1999 Dale Schenk ya nuna allurar rigakafi na hana amiloid taruwa a ɓeraye. Da aka gwada a mutane, sai aka dakatar a 2002, domin kimanin kashi 6 cikin ɗari sun sami kumburin ƙwaƙwalwa. Yawancin ɓerayen amiloid ba sa yin zaruruwan furotin tau da Alzheimer ya gani. Ko lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, rage saurin cutar kawai yake yi, da kusan kashi 27 cikin ɗari a wata 18.

Saboda haka amfanin ƙidayar furotin a yau ya haɗa da auna ɓeran kansa: a jera furotin ɗinsa da na majinyaci, a ga inda suka dace da inda suka saɓa, kafin a ɗora begen iyalai a kan sakamakonsa.