Sarki Jan-Gemu da Rigimar Paparoma Biyu

'Yan makaranta da sauran masu karatu, labarinmu na yau na ƙasar Turai ne, fiye da shekara 800 da suka wuce. Za mu ga yadda wani babban sarkin Jamus ya yi shekara goma sha takwas yana jayayya a kan wanda zai zama Paparoma, watau shugaban addinin Kiristocin Turai ta yamma, wanda mazauninsa ke birnin Rum.

Sunan sarkin Firedirik, amma mutanen Italiya suka laƙaba masa Barbarosa, watau Jan-Gemu. Ya ci sarautar Jamus cikin 1152, sa'an nan cikin 1155 ya je Rum, Paparoma Adiriyan na huɗu ya naɗa shi Sarkin Sarakuna. To, a nan tushen rigima ya ke. Sarki yana ganin daga wurin Allah ya sami mulkinsa ta hanyar zaɓen hakiman Jamus, mutanen Paparoma kuwa suna ganin wanda ya yi naɗi ya fi wanda aka naɗa. Cikin 1157 wani babban malamin Rum, Rolando, ya kawo takarda fadar sarki, a ciki da wata kalma wadda Jamusawa suka fahimta kamar ana cewa sarkinsu baran Paparoma ne. Fada ta kaure da hayaniya, har wani hakimi ya kai hannu ga takobi.

Adiriyan ya rasu cikin 1159. Masu zaɓen Paparoma, waɗanda a ke kira kadinal, suka taru a majami'ar Bitrus. Mafi yawansu suka zaɓi wannan Rolando, kaɗan kuwa suka zaɓi Oktabiyan, abokin sarki. A zamanin nan babu tsayayyar doka mai faɗin yawan muryoyin da suka isa. Mutanen Rolando sun rubuta cewa ana cikin yafa masa jar alkyabbar sarauta sai Oktabiyan ya fizge ta. Da aka ƙwace ta daga hannunsa, wani yaronsa ya miƙo wata, don gaggawa ya yafa ta gaba a baya. Rolando ya ɗauki sunan Alezanda na uku, Oktabiyan ya ɗauki sunan Biktor na huɗu, kowa ya ce ɗan'uwansa ne ɗan ƙwace.

Cikin 1160 sarki ya tara bishop wajen hamsin a birnin Fabiya, yawancinsu na ƙasashensa, don su raba gardama. Alezanda ya ƙi zuwa, ya ce babu mai ikon yi wa Paparoma shari'a. Taron ya bi Biktor, Alezanda kuwa ya fitar da sarki daga jama'ar masu bi. Sarkin Faransa da na Ingila suka tsaya a bayan Alezanda, domin ba su yarda shugaban addininsu ya zama ɗan amshin shatan sarkin Jamus ba. Duk da haka zaman Italiya ya gagare shi, ya gudu Faransa cikin 1162, shekarar da sarki ya rushe birnin Milan ya watsa mutanensa.

Biktor ya mutu cikin 1164. Da a nan aka tsaya, da an huta. Amma Rainal, babban bishop na Kolon, mai ba sarki shawara, ya yi maza aka naɗa wani, Faskal na uku. Shekara ta kewayo sarki ya rantse ba zai taɓa bin Alezanda ba, ya kuma tilasta wa manyan ƙasarsa su yi wannan rantsuwa. Babban bishop na Mainz, wanda ya bi Alezanda, ya rasa kujerarsa. Ku duba halin talakawa a wannan lokaci: mutum bai sani ba ko malamin da ke yi masa addu'a na halal ne ko na haram.

Cikin 1167 Jan-Gemu ya ci Rum da yaƙi. Alezanda, wanda ya komo daga Faransa, ya ɓad da kama ya sulale. Sarki na ganin ya gama, sai annoba ta faɗa wa sansaninsa cikin zafin watan Agusta, ta kashe Rainal da hakimai da mayaƙa masu yawa. Biranen arewacin Italiya kuwa, da suka gaji da harajin sarki da wakilansa, suka tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka haɗa kai. Suka tayar da Milan, suka kuma gina sabon birni suka sa masa suna Alesandiriya don girmama Alezanda. Faskal ya mutu cikin 1168, aka naɗa Kalistus na uku, amma mabiyansa kullum raguwa su ke yi.

Ran 29 ga watan Mayu, 1176, aka gwabza a Lenyano. Ɗan'uwan sarki, Henri mai laƙabin Zaki, ya hana shi gudunmawa. Dakarun biranen suka tsaya kyam kewaye da keken tutarsu, dawakin Jamus suka kasa keta su. Aka kayar da sarki daga kan doki, har aka ɗauka ya mutu, sai bayan 'yan kwanaki ya ɓullo a Fabiya. Daga nan ya nemi sulhu. Ran 24 ga watan Yuli, 1177, a ƙofar majami'ar Markus ta birnin Benis, ya durƙusa ya sumbaci ƙafar Alezanda, shi kuwa ya tashe shi ya rungume shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle babba: sarki ya koma gida da sarautarsa, ya yi mulki har 1190, sa'ad da ruwa ya ci shi a wani kogi na ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Kalistus ya yi mubaya'a cikin 1178, Alezanda bai wulakanta shi ba, ya ba shi riƙon wani gari.

Abin da mu ke so ku riƙe shi ne wannan. Jan-Gemu jarumi ne mai hankali, ya goyi bayan mutum uku bi da bi, ya ci Milan, ya ci Rum, amma bai iya sa sauran ƙasashe su amince da zaɓen da ba su ga gaskiyarsa ba. Alezanda kuma ya gane inda ɓarakar ta fito. Cikin 1179 ya tara babban taro a Rum, aka kafa doka cewa ba wanda zai zama Paparoma sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun yarda da shi, kuma da ita a ke aiki har yau. Ku da wata rana za a ba amanar jama'a, in za ku zaɓi shugaba, ko da na ƙungiyar makaranta ne, ku fara shirya dokar zaɓen tun ba a san wanda zai ci ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.