Yadda Gona, Kogi da Doka Suka Tsara Ƙamshin Wuskin Amurka

Masu bayanin wuskin Amurka sukan ce burbon, wanda ake yi da masara, yana ƙamshin banila da mazarƙwaila da ɗan kwakwa, shi kuma wanda ake yi da hatsin rai yana da yajin masoro da kanumfari da kirfa. Ba a zuba ko ɗaya daga cikin waɗannan a burbon, domin doka ba ta yarda a ƙara masa komai ba sai ruwa. Kamfanoni na son a ɗauka cewa wannan ƙamshi sirri ne da aka gada daga kakanni. Tarihi bai goyi bayansu ba. Abin da gona ta iya fitarwa, da nisan kasuwa, da dokokin gwamnati su ne suka tsara shi, kuma doka ta fi sauran tasiri. Mai karatun da addininsa ya haramta masa giya ba ya bukatar kusantarta kafin ya ga darasin da ke nan, wato yadda hukuma ke iya yanke wa harshen al'umma guda abin da zai saba da shi.

A ƙarshen ƙarni na 18 wuskin Amurka fari ne kamar ruwa. George Washington da kansa yana da matatar giya a gonarsa ta Mount Vernon, wadda a 1799 ta fitar da kusan galan 11,000, kuma bayi shida ne ke aikin ƙarƙashin wani ɗan Sikotilan mai suna James Anderson. Haɗin nasu kashi 60 cikin ɗari hatsin rai ne, 35 masara, 5 sha'ir, ana kuma sayarwa ba tare da an ajiye shi ya kwana biyu ba, don haka babu banila babu launi. Hatsin rai, dangin alkama mai jure sanyi, shi ne abin da baƙi daga Jamus da Sikotilan da Ayalan suka noma a Pensilbaniya da Merilan. A Kentaki kuwa masara ce ta karɓi ƙasar. Manomin da ke bayan tsaunuka ya ga ya fi sauƙi ya mayar da hatsinsa giya ya ɗora wa doki, a kan ya yi jigilar buhuna. Shi ya sa harajin wuski da Alexander Hamilton ya kawo a 1791 ya tayar da bore a yammacin Pensilbaniya, har Washington ya tara dakaru kimanin 13,000 a 1794 don kashe wutar. Bambancin zaƙin masara da yajin hatsin rai ya samo asali ne daga abin da kowane yanki ke girba.

Sauran ƙamshin daga ganga yake fitowa, kuma nan ne ya kamata a dakata. Ana yin gangar da farin itacen oak na Amurka, a babbake cikinta da wuta. Zafin yana farfasa sinadarin lignin da ke jikin itacen ya koma banilin, wato abin da ke ba banila ƙamshinta. Yana kuma narkar da sukarin da ke cikin katakon, daga nan ne ɗanɗanon mazarƙwaila da jan launin suke zuwa. Ƙamshin kwakwa na wasu sinadarai ne da wannan itace ke da su da yawa, na kanumfari kuma na yujinol ne, sinadarin da ke cikin kanumfarin kansa. Gawayin da ya rage a jikin gangar yana tsotse warin farar wuta. Zafin bazara na tura ruwan cikin katako, sanyin hunturu ya janyo shi, shekara bayan shekara. Ana yawan jingina wannan dabara ga wani mai wa'azi, Elijah Craig, a 1789, amma babu hujjar da ta tabbatar da hakan. Abin da ya tabbata shi ne gangunan Kentaki kan yi doguwar tafiya ta kogunan Ohayo da Misisipi zuwa New Orleans, kuma masu saye sun lura cewa abin da ya jima a ganga ya fi laushi.

Da jan launi ya zama alamar inganci, sai 'yan algus suka shigo. Sukan sayi farar barasa mai arha, su rina ta da ƙonannen sukari ko ruwan taba, su sayar a matsayin tsohon wuski. Dokar 1897, wadda Kanar E. H. Taylor ya yi wa fafutuka, ta ba da hatimin gwamnati ga wuskin da matata ɗaya ta yi a zango ɗaya, aka kuma ajiye shi shekara huɗu a ma'ajiyar da hukuma ke sa wa ido. Dokar tsabtar abinci da magani ta biyo baya a 1906, Shugaba Taft ya yanke hukunci kan ma'anar wuski a 1909, a shekarun 1930 aka wajabta sabuwar ganga babbakakkiya, a 1964 kuma Majalisar Dokoki ta ayyana burbon a matsayin kayan Amurka na musamman. Ƙa'idar ita ce masara ta kai aƙalla kashi 51, kada ƙarfin barasar ya wuce kashi 80 a wurin tacewa, domin ɗanɗanon hatsin ya tsira, kada kuma ya wuce 62.5 lokacin shiga ganga.

Wani zai ce an zuzuta rawar doka, tunda ruwan Kentaki mai bi ta cikin dutsen farar ƙasa, wanda ke raba shi da ƙarfe, da yanayin jihar su ne asali. Suna da tasiri, babu musu. Sai dai doka ta yarda a yi burbon a ko'ina cikin Amurka, kuma wanda ake yi a wasu jihohi yana fitowa da banilarsa da zaƙinsa, saboda ƙa'idar ganga ɗaya ce. Hujjarsa da ta fi ƙarfi ita ce an san babbaka ganga tun kafin a rubuta doka a kanta. Haka ne, amma a lokacin hanya ce ɗaya cikin hanyoyi da yawa, wasu na sake amfani da tsohuwar ganga, wasu na rini. Doka ce ta zaɓi ɗaya ta rufe ƙofar sauran, kuma sabuwar ganga tana zuba ƙamshinta da ƙarfin da tsohuwa ba za ta iya ba.

Makomar wuskin hatsin rai ta ƙara fito da wannan fili. Haramcin giya da Amurka ta yi daga 1920 zuwa 1933, bayan doguwar gwagwarmayar mata da majami'u da suka ga yadda shaye-shaye ke rusa gidaje, ya rufe matatun Pensilbaniya da Merilan, kuma akasarinsu ba su sake farfaɗowa da ƙarfinsu na da ba. Tsofaffin sunaye irin su Old Overholt daga baya suka koma hannun kamfanonin Kentaki, inda aka saba sa hatsin rai daidai gwargwadon abin da doka ta nema, a cike gurbin da masara. Sunan bai canja ba, amma yajin ya ragu, zaƙi ya ƙaru, har wasu masu shaye-shaye suka girma suna zaton haka yake tun fil azal. Ita kuwa ƙa'idar sabuwar ganga ta tsallaka teku: da yake ba a iya sake zuba burbon a gangar da aka yi amfani da ita, ana sayar da su da yawa ga matatun Sikotilan, waɗanda wuskinsu ya ɗauki ƙamshin banila ta wannan hanya, wasu kuma kamfanin Tabasco na Luwiziyana ke saye ya tsima barkononsa a ciki.